Hankakan Tirtha Dai

"Hankaka," in ji Tirtha Dai. "Mai rai, mai numfashi, a zaune a kafaɗarta."

Ya buga teburin mai shayi har kofina ya yi tsalle. Lumanti ta dube ni, ni kuma na dubi titi.

Lokacin ban daɗe da dawowa garinmu Patan ba daga Koriya, inda na share shekaru a tsaye gaban injin buga murfin roba. Na dawo na tarar garin ya matse ni kamar rigar yarinta. In na zauna ƙafata na rawa, in na fita ban san inda na nufa ba. Da mahaifiyata ta gaji da hawa da saukar da nake yi a matakala, sai ta ce in je in taya ɗan wan babana aiki, ko kunnenta ya huta. Haka na zama mai riƙe wa Tirtha Dai fitila. Dai a wajenmu yaya ke nan; shi kuma yana ce mini Bhai, wato ƙane, Lumanti kuwa Bahini, wato ƙanwa.

Shagon hotonsa ɗaki ɗaya ne a ƙasan gidan goggonmu, Nini Hira. Aikinsa hoton katin ɗan ƙasa, sai na jarirai ranar da aka fara ba su shinkafa. Amma in ka zauna da shi zai gaya maka a Mumbai ya koyi sana'a, kuma fuskokin da muke zuwa kallo a silima shi ya haska su. Duk dangi sun san wayar lantarki ya yi ta ja wa wani mai bidiyon biki har aka kore shi. Babu mai faɗa, domin duk sanda aka faɗa sai ya ƙara shekara ɗaya a labarin.

Lumanti kuwa 'yar maƙerin tagulla ce a lungun bayanmu, tana tsaron kantin magani. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Wani kamfanin tufafi a Delhi yana neman sabuwar fuskar da za ta tallata masa baƙaƙen kaya, irin salon nan da ake ce wa gotik: baƙar riga har ƙasa, fuska fara fat, leɓe baƙi, kamar wadda ta fito daga tsohon kango ba ta kuma yafe wa kowa ba. Rigar da hannunta ta ɗinka, bayan tashi daga aiki. Kamfanin zai rufe karɓar hotuna ranar farko ta Tihar, bikinmu na fitilu, da faɗuwar rana. Wadda ba ta aika ba, shi ke nan.

Ta ce, "Dai, ni fa abin da suka nema nake so. Baƙin bango, fitila ɗaya, a ga fuska a ga riga."

"Haka suka ce wa kowa, Bahini. 'Yan mata dubu za su aika baƙin bango da fitila ɗaya. Mutumin Delhi zai duba har ya yi hamma. Sai kawai ya ga ke, da hankaka."

"A ina za ka samo shi?"

Ya jingina da bango ya lumshe ido, kamar malamin da aka yi wa tambaya mai sauƙi. "Bhai, gaya mata. Ranar farko ta Tihar ranar wa ce?"

Na ce, "Ranar hankaki."

"To! Ranar da kowane gida ke kai musu abinci saman soro. Ranar da suke sauka da kansu kamar surukai. Ni sai in miƙa hannu in zaɓi mafi kyau."

Mai shayi, wanda ya san Tirtha Dai tun yana yawo ba wando, ya ce, "Kai da zakara ya taɓa kora daga gidan biki?"

"Zakaran nan mahaukaci ne, kowa ya sani."

"Ka dai tuna hankaka ɗan aiken sarkin mutuwa ne. Ana ba shi abinci ne don ya ƙoshi ya wuce da saƙonsa, ba don a ɗauki hotonsa ba."

"Shi ya sa kai kake dafa shayi, ni kuma nake fasaha," in ji Tirtha Dai. Ya tashi bai biya ba.

Ranar da aka sa, da sassafe Nini Hira ta kai farantinta na ganye saman soro, ta sauko, ta ɗauki kwando za ta gidan 'yarta su ƙulla sarƙoƙin fure. A bakin ƙofa ta nuna Tirtha Dai da yatsa.

"Kai, bikin fitilu ne. Na share gidan nan daga sama har ƙasa don allahiya Lakshmi ta shigo da arziki. Uwar nan ba ta shiga gida mai duhu. Kar in dawo in tarar da shirme."

"Haba Nini, ni da shirme?"

Ko kwanar lungu ba ta sha ba ya jawo wani ƙaton ƙunshi daga ƙarƙashin matakala. Baƙin yadi ne, ya aro wajen masu kafa rumfar taro. Muka rufe tagar shago. Ya ce haske na saukowa ta matakala, muka rufe tagar bene na farko. Ya ce har yanzu yana jin haske a jikinsa, muka rufe ta sama. Kafin in ankara, duk tagogin katako masu sassaƙa da ke kallon filin tsakiya, wanda gidajen unguwarmu suka kewaye, sun zama baƙi wuluk.

Na ce, "Dai, daga waje fa gidan nan ya yi wani iri."

"Gotik ke nan. Ka yi shekaru a waje ba ka koyo komai ba sai murfin roba."

Muka hau saman soro da kwando, da sanda, da igiya, da fakitin biskit. Ya jingina kwandon a kan sandar, ya farfasa biskit a ƙarƙashi, muka ɓuya bayan tankin ruwa yana riƙe da bakin igiyar.

Hankaki kam akwai su. Sai dai kowane soro a unguwar an shimfiɗa musu liyafa: shinkafa da madara, dafaffen ƙwai, soyayyen naman ɓauna, zoben wainar shinkafa mai zafi da muke ce wa sel roti. Wani ƙato ya sauka a bangonmu, ya karkata kai ya dubi biskit ɗin Tirtha Dai, ya dubi Tirtha Dai, ya tashi.

"Ka ga raini ko?"

"Dai, ko ni ne ba zan bar ƙwai in ci wannan ba."

Ya dubi sorayen maƙwabta. Gidajenmu a manne suke, mai doguwar ƙafa zai zaga unguwar bai taɓa ƙasa ba. Sai na ga ya tuɓe takalmi.

"Dai, a'a."

"Riƙe igiya."

"Abincin hankakin mutane ne fa!"

"Kuma hankakin ne za su ci. Wurin zama kawai zan canja musu."

Haka ya dinga tsallaka bango yana dawowa da faranti bibbiyu, har gaban kwandonmu ya zama kamar gidan biki. Daga inda nake a tsugune na ji Maiya Didi, maƙwabciyarmu ta dama, ta hau soronta ta tsaya cak.

"Baban yara! Zo ka gani! Har farantin sun ɗauke!"

Mijinta ya amsa daga ƙasa, "To ai sun ji daɗin girkinki ke nan."

"Sun ji daɗi suka bar soron wayam? Duba can! Duk sun koma gidan Hira. Me suke nema a gidan Hira?"

Ba mu tsaya jin amsa ba, domin wani abu ya shiga ƙarƙashin kwando. Tirtha Dai ya fizge igiya. Ya rarrafa ya leƙa. Tattabara ce.

Ya daɗe yana kallonta. "Bhai, akwai baƙin man goge takalmi a ƙasa?"

"In ka shafa wa tsuntsuwar nan man takalmi, yau zan koma Koriya."

Ya sake ta yana tsaki. A karo na biyu kuwa kwandon ya kife a kan hankaka na gaske, ƙato, mai toka-tokar wuya. Tirtha Dai ya zura hannu ya kamo shi, ya ɗaga shi sama kamar wanda ya ci kofin ƙwallo.

Hankakan ya yi ƙara sau ɗaya.

Ban taɓa ganin sama ta canja da sauri haka ba. Daga rufin haikali, daga wayoyin lantarki, daga bishiyoyin bakin kogi, hankaki suka taso. Na farko ya sauko ya ɗauke wa Tirtha Dai hula. Na biyu ya sami kunne. Ya cusa nasa hankakan cikin jaket ya ja zip, ya nufi matakala da gudu yana ihu, ana saransa ta waje, ana saransa ta ciki.

A shago muka tarar Lumanti ta gama shiri. Gaskiya ni kaina sai da na ja da baya. Baƙar rigar leshi har ƙasa, wuya a tsaye, fuska fari sol, kwalli ya kewaye ido, leɓe kamar ta sha tawada. Ta dubi jinin da ke kunnen Tirtha Dai, ta dubi jaket ɗinsa da ke motsi shi kaɗai.

"Dai, a bar maganar tsuntsun nan mana. Ga bango, ga fitila."

"A bari? Bayan na zubar da jinina? Bhai, kunna kyandirori. Sa bambaro a kasko, ina son hayaƙi."

Na kunna. Ya kulle ƙofa ta ciki. Ya ciro hankakan a hankali zai ɗora a kafaɗar Lumanti. Tsuntsun ya kai wa ɗan kunnenta cafka, ya kuɓuce, ya zaga ɗakin, ya ture kyandir biyu, sannan ya haye can saman sandar fitila ya zauna yana zaginmu. 'Yan uwansa na amsawa daga waje, har rufin gidan na amo.

"Sauko, ranka ya daɗe," in ji Tirtha Dai. "Sauko ka yi suna."

Hankakan ya saki kashi a kan jakar kyamara.

Lumanti ta tattare rigarta. "In ya ɓata mini rigar nan, Dai, ba ni da wata."

"Kwantar da hankalinki, wata dabarar ta zo, ta ma fi ta farko. Hau teburin nan ki kwanta. Zan barbaɗa shinkafa a ƙirjinki, ya sauko ya ci, ni kuma in ɗauka daga sama. Mutumin Delhi sai ya faɗi daga kujera."

"Rigar fa?"

Ya jawo farin zanen da yake rataya wa masu hoton katin ɗan ƙasa, ya lulluɓe ta daga ƙafa har wuya. "In ya sauko sai Bhai ya zare. Rufe ido. Kar ki motsa, kar ki yi numfashi mai ƙarfi." Ya jera kyandirori a kanta da ƙafarta, ya barbaɗa shinkafa. Hankakan ya leƙo, ya kau da kai.

"Ɗan gata ne, ya saba da ƙwai. Bhai, bi ta ƙofar baya ka sayo dafaffe."

Na fita ta lungu. Mai shayi ba ya nan, yaran kanti ba sa nan, sai da na kai bakin babban titi na samu. Da na dawo na ce bari in yanke ta filin tsakiya.

Filin a cike yake maƙil.

Mata sun zauna a ƙasa sun lulluɓe kai da mayafi suna kuka mai sauti. Maza na tsaye cirko-cirko. Sama da su duka, gidan Nini Hira na tsaye da baƙaƙen tagogi, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ƙofa, hankaki sun rufe rufin ba masaka tsinke. A gefe ɗaya ga 'yan guthi, ƙungiyar da ke ɗaukar gawar duk wanda ya mutu a danginmu, waɗanda in an kira su ko cokali ne a bakin mutum sai ya ajiye. Sun riga sun kawo gora da bambaro da farin ƙyalle, biyu sun durƙusa suna ɗaura makara.

Maiya Didi ta hango ni ta taso ta rungume ni. "Wayyo ɗan nan! Ashe dawowa ka yi ka raka goggonka!"

"Didi, Nini ba ta mutu ba."

"Haka kowa ke cewa da farko, ɗana."

"Ta je gidan 'yarta ne!"

"Da idona na leƙa ta tsagar ƙofa! Tana kwance, an lulluɓe ta, fitilu a kai da ƙafa, har an zuba shinkafa. Fuskar nan ta yi fari fat. Tun safe hankaki suka gaya mana, mu ne ba mu ji ba."

"Ba ita ba ce, wata..."

"Ku ba shi ruwa, ya fara sambatu. Duba, har ƙwai ya riƙe bai sani ba."

Aka zaunar da ni da ƙarfi, wata tsohuwa ta danne mini kafaɗa. A bayana na ji wani kawunmu na gunaguni: "Shi ke nan, bana ba mu da biki. Ba fitila, ba giya, ba karta, har shekara ta zagayo. Hira ko mutuwa za ta yi sai ta zaɓi ranar da za ta ɓata wa mutane."

Aju Buddhi, shugaban guthi, tsoho mai sanda da hula a karkace, ya taka zuwa ƙofar shago ya ƙwanƙwasa.

"Tirtha! Buɗe, ɗana. Mun zo."

Daga ciki aka ce, "Ba yanzu ba!"

"Mun san da zafi. Buɗe, wannan aikinmu ne."

"Na ce ina aiki! Hoto nake ɗauka!"

Filin ya yi tsit, sannan ya ɓarke. "Hoto! Hoton gawar goggonsa!" "Mumbai ta lalata yaron nan!" Aju Buddhi ya ja da baya ya ce wa samari su sa kafaɗa.

Ana cikin haka na hango kwandon fure rawaya yana shigowa ta ƙofar fili, Nini Hira a ƙarƙashinsa. Na yunƙura, tsohuwar ta ƙara danne ni. Nini ta ajiye kwandon, ta dubi makara, ta dubi gidanta, sannan ta taɓa kafaɗar wata mai kuka da ta rufe fuska da mayafi.

"Wa ya mutu?"

"Hira," in ji matar, ba ta ɗago ba.

"Wace Hirar?"

"Hira dai mai bakin nan. Wayyo, mace ta gari! Ta tafi ba ta dawo mini da turmina ba."

"Turmin da kika ce kyauta kika ba ni?"

Matar ta daina kuka. A hankali ta fara zame mayafi.

A daidai nan ƙofar shago ta ɓalle. Hayaƙi ya turnuƙo. Hankakan ya fito kamar an harbo shi, ya bi ta kan Aju Buddhi ya yi gaba da hularsa. A cikin hayaƙin, tsakanin kyandirori, abin da ke kan tebur ya tashi zaune, farin zane ya zame, ya buɗe baƙaƙen idanu, ya ce da baƙin leɓe, "An gama?"

Na ga gudu a rayuwata, amma ban taɓa ganin irin na ranar ba. Samarin da suka ɓalle ƙofa suka tsallake Aju Buddhi. Mata suka watsar da mayafai. Kowa ya nufi ƙofar fili, ita ce kaɗai mafita, kuma a bakinta ga Nini Hira a tsaye riƙe da ƙugu.

Maiya Didi ta dube ta, ta waiga ta dubi shago, ta zube a ƙasa. "Gaba Hira, baya Hira!"

Kawunmu mai gunaguni ya haye rijiya. Ɗaya daga cikin masu ɗaura makara ya durƙusa ya haɗa hannu yana roƙon gafara kan wani abu da ya shafi kajin Nini, wanda ba wanda ya tambaye shi.

"Ku yi mini shiru!" in ji Nini. Muryar da suka ji ta fi komai tabbatar musu tana da rai. "Buddhi, wannan gorar ta wa ce?"

"Hira... ai... an ce..."

"An ce. Kai da furfurarka ba ka iya taɓa gawa ka ji ko da sanyi kafin ka sare gora? Wa ya rufe mini tagogi? Tirtha!"

Ya fito yana tari, kyamara a wuya, gashin tsuntsu a kai, jini a kunne. Ya dubi taron ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, kun ɓata aikin da ba a taɓa yin irinsa a ƙasar nan ba. Saura ƙiris ya sauko."

"Wa zai sauko?"

"Hankakan, Nini. Ba za ki gane ba, harkar fasaha ce."

Mijin Maiya Didi, wanda ya hau soro don ya leƙa daga sama, ya ƙwalo kira: "Ga farantinmu nan! Ga na gidan Aju! Ga na kowa da kowa, a jibge gaban kwando!"

Sai kallo ya koma kan Tirtha Dai gaba ɗaya.

"Kai ka kwashe wa hankakina abinci?" in ji Maiya Didi, ta miƙe kamar ba ita ta zube ba. "In mugun labari ya shigo gidana bana, a wuyanka!"

"Didi, taro na haɗa musu..."

Nini ta zaro sarƙar fure mafi kauri daga kwando ta shiga tsula masa. Fure na tashi, yana karewa da kyamara yana cewa, "Nini, gilashin! Gilashin na Japan ne!"

Lumanti ce ta tsayar da dukan. Ta fito daga shago, mutane na darewa suna ba ta hanya, ta cire kyamarar daga wuyansa. Ta shiga duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Na leƙa ta kafaɗarta. Hayaƙi. Fiffike. Rufin ɗaki. Babban yatsan Tirtha Dai. Hayaƙi kuma. Farin zane da tafin ƙafa biyu.

Wani mutum mai guduma a hannu ya matso yana ƙifta ido. "Lumanti? Ke ce?"

"Ni ce, Baba."

"Me ya sami bakinki?"

Ta ɗaga kai ta dubi rana, wadda ta riga ta karkata ta nufi rufin haikali. Ta ce, "Babu ko ɗaya. Da faɗuwar rana za su rufe."

Nini ta tambayi wa zai rufe me. Na yi mata bayani a gurguje. Ta kama hannun rigar ta juya ɗinkin ta duba ciki.

"Ke kika ɗinka?"

"Ni ce, Nini."

"Me mutanen suka ce suna so?"

"Baƙin bango. Fitila ɗaya."

Nini ta juya. "Ka ji? Kafin ranar nan ta faɗi yarinyar nan ta sami hotonta. In ba haka ba, gobe ranar karnuka ce, zan rataya wa kowane kare a lungun nan fure, kai kuma ka kwashi kayanka ka koma cikinsu. Ku kuma da kuka zo ɗaukata, tunda kun zo, ku sauke mini baƙin yadin nan daga tagogi."

'Yan guthi suka kwance makara. Da gorar aka kafa baƙin yadin a bangon fili. Rana ta zama fitila. Baban Lumanti ya ruga ya kawo ƙaton tiren tagulla sabon gugewa, aka ba ni in riƙe ina maida haske a fuskarta. Nan take unguwar ta cika da masana hoto.

"Ta ɗaga haɓa!"

"A'a, ta sunkuyar!"

"Ki yi murmushi mana, 'yar nan."

"Ba a murmushi a gotik," in ji Aju Buddhi, wanda bai taɓa jin kalmar ba sai ɗazu.

Tirtha Dai ya durƙusa zai ɗauka, wani hankaka ya sauko ya rangaɗa masa baki a ƙeya. Ya sake durƙusawa, wani ya sake. Dole Aju Buddhi ya tsaya a kansa da lema. Da hankakin suka ga ba hanya, sai suka jeru a saman gorar da ke riƙe da yadin, daidai bayan kan Lumanti, kafaɗa da kafaɗa, kowanne ya zuba wa Tirtha Dai ido. Shi kuwa yana bayan kyamara. Haka hotunan suka fito: ita a tsaye cikin baƙar riga, tana kallon mai ɗaukar da duk haushin da ta tara tun safe, a samanta layin hankaki suna taya ta.

Aka tura daga wayata rana na taɓa tsaunin yamma. Sannan Nini ta sa Tirtha Dai ya dafa ƙwai, ya bi soraye ɗaya bayan ɗaya yana mayar wa kowa farantinsa. Daga ƙasa muna jin inda ya kai ta wurin ihunsa.

Bayan biki aka kira Lumanti Delhi. Unguwa ta raka ta tashar mota, har Maiya Didi ta ba ta ƙunshin sel roti na hanya.

Tirtha Dai bai je rakiya ba, domin tun ranar bai isa ya taka waje da kai a buɗe ba. Hankakin Patan sun haddace fuskarsa. Ni ina wucewa lafiya, Nini na wucewa lafiya, amma shi da ya leƙo sai ka ji an yi shela daga wayar lantarki. Ya aske gashin baki, suka gane shi. Ya sa tabarau, suka gane shi. Yanzu da hular kwano yake yawo, shi da ko keke ba shi da shi.

Rannan muna tafe da wani baƙo da ya zo hoton katin ɗan ƙasa, sai ga ɗaya ya sauko, ƙwas, a tsakiyar hular. Baƙon ya duƙa a tsorace ya ce, "Lafiya? Me ka yi musu?"

Tirtha Dai ko waiwaye bai yi ba.

"Haka suke tun da na kai hoton 'yan uwansu Delhi," in ji shi. "Kowa so yake in ɗauke shi."

Ƙwas.